Babi na Shida: Idan Abokin Aiki Ya Ɓata Maka Suna

"Abokin aikina ya yi mini sharri. Ya ce na ci kuɗin ofis, yanzu kowa kallon ɓarawo yake yi mini. Zan iya kai shi kotu?" Wannan tambaya ce da ma'aikata da yawa ke yi a ɓoye, galibi bayan sun kwana biyu abinci ba ya shiga, barci ya ƙaurace. Mai tambayar yakan zo da zafin zuciya, yana so a ce masa gobe da safe za a kama wancan a rufe.

Amsar a taƙaice ita ce e, doka ta ba ka hanya, kuma hanyoyin suna da yawa. Akwai ta cikin ofis, akwai ta sulhu, akwai ƙarar neman diyya, akwai ƙarar laifi. Kowacce da abin da take bayarwa da abin da take ci. Wanda ya bi wadda ba ta dace da matsalarsa ba yakan ƙare da asarar kuɗi da lokaci, sunan da ya je wankewa kuma ya ƙara dagulewa. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne: suna aka ƙwace maka, don haka hanyar da ta fi ita ce wadda za ta dawo maka da shi a gaban mutanen da suka ji sharrin.

Mu ɗauki misali. A ce wata malama ce a makarantar kuɗi a Hammadu Kafi da ke Gombe, a hannunta ake tara kuɗin jarrabawar ɗalibai. Wani malami da suke takun saƙa da shi kan muƙamin mataimakin shugaba ya rubuta a zauren WhatsApp na malamai cewa ta cinye kuɗin. Kafin magariba saƙon ya isa wayoyin iyayen yara. Kafin Juma'a dangin mijinta a Jekadafari sun ji, wata ƙawarta a Tumfure ta kira tana jajantawa. Gombe gari ne da kowa ya san wani da ya san ka. Abin da aka faɗa a ɗakin malamai yana bin mutum har gidan biki da sahun masallaci, yana iya taɓa auren 'yarsa. Me wannan malama za ta yi?

Me doka ke kira ɓata suna?

Ba kowace magana mai zafi ce kotu za ta saurara ba. Sai abu huɗu sun haɗu.

Na farko, maganar ta kasance mai zubar da mutuncinka a idon mutanen kirki, wadda za ta sa a ƙi ka, a guje ka, a yi maka dariya, ko a daina amince maka a sana'arka. Na biyu, a gane cewa da kai ake. Ba lallai sai an ambaci sunanka ba. In ma'aji ɗaya ne a ofis aka ce "ma'ajinmu ɓarawo ne", an ambace ka. Na uku, maganar ta isa kunnen wani ko idon wani ban da kai. Wanda ya tare ka ku biyu a ɗaki ya kira ka maciyin amana ya ɓata maka rai, amma a ƙarar diyya bai ɓata maka suna ba, domin suna a zukatan wasu yake zaune. Kotun Ƙoli ta jaddada wannan a shari'ar Nsirim da Nsirim a 1990: in ba a tabbatar cewa maganar ta kai ga mutum na uku ba, ƙarar ta faɗi. Na huɗu, maganar ta zama ƙarya. In wanda ya faɗa ya iya tabbatar da gaskiyarta, ba ka da diyya, komai zafinta.

Akwai kuma zagi irin na faɗa. A wata shari'a ta 1959 a tsohuwar Jihar Yamma, Bakare da Ishola, mutum ya kira abokin faɗansa ɓarawo kuma tsohon fursuna a tsakiyar cacar baki. Kotu ta ce waɗanda suka ji sun ɗauke ta a matsayin zagin fushi, don haka babu diyya. Bambancin a fili yake. Wanda ya ce "kai ɓarawo" ana tsakiyar hayaniya daban, wanda ya zauna a natse ya rubuta cewa ran Talata ka ɗauki naira dubu 300 daga asusun makaranta daban.

Wanda ya yaɗa ma bai tsira ba. Cewa "ni ma ji na yi" ko "turo mini aka yi" ba ta wanke kowa. Duk wanda ya tura saƙon zuwa wani zaure ya sake wallafa shi, kuma ana iya haɗawa da shi a ƙara.

Rubutu da baki

Doka ta raba ɓata suna gida biyu. Wanda aka yi a rubuce ko ta hanyar da ke wanzuwa, kamar wasiƙa, takardar ƙorafi, jarida, saƙon WhatsApp ko rubutun Facebook, ba ya buƙatar ka nuna asarar da ka yi. Kotu na ɗauka cewa cutarwa ta auku. Wanda aka yi da baki kuwa, a ƙa'ida sai ka nuna asara ta zahiri, kamar rasa aiki, rasa ƙarin girma ko guduwar abokan ciniki.

Amma akwai maganganu huɗu na baki da doka ta ɗauke wa wannan sharaɗi saboda muninsu: a jingina maka laifin da ake ɗaure mutum a kansa, a ce kana da wata muguwar cuta mai yaɗuwa da za ta sa a ƙaurace maka, a zargi mace da lalata, ko a ce ba ka cancanci sana'arka ko muƙaminka ba. Ka duba da kyau za ka ga kusan duk sharrin da ake yi a wurin aiki cikin waɗannan yake faɗawa. "Ya saci kayan sito." "Takardun bogi gare shi." "Da oga take kwana shi ya sa aka ƙara mata girma." "Wannan nas ɗin kashe marasa lafiya take yi." Duk waɗannan ana iya kai su kotu ko da da baki aka faɗe su, ko da ba a kore ka ba.

Inda abokin aikinka ke da kariya

A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Ma'aikaci yana da haƙƙi, wani lokaci ma wajibi ne a kansa, ya kai rahoton abin da yake zargi ga wanda ke da ikon bincike. Akawun da ya ga lissafi bai daidaita ba ya rubuta wa shugaba, doka na kare shi ko da bincike ya nuna daga baya cewa ya yi kuskure, muddin da zuciya ɗaya ya yi. Haka shugaban da ya rubuta rahoton shekara kan na ƙasa da shi, da wanda ya ba da shaida a gaban kwamitin bincike. Abin da aka faɗa a gaban alƙali yayin shari'a kuwa kariyarsa cikakkiya ce.

Wannan kariya tana da dalili. Ba don ita ba, babu mai iya tona almundahana, kuma macen da shugabanta ke matsa mata da neman lalata ba za ta iya buɗe baki ba. A 2013 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta ba wata ma'aikaciya, Ejieke Maduka, gaskiya a ƙarar da ta kai kamfanin Microsoft na Najeriya da shugabansa kan irin wannan cin zarafi. Bai halatta dokar ɓata suna ta zama sandar tsorata masu ƙorafi na gaskiya ba.

Abin da ke karya kariyar shi ne mugun nufi. Ana gane shi ta alamomi: mutum ya san ƙarya ce ya faɗa, ko bai damu ya bincika ba alhali binciken ba shi da wuya, ko ya tsallake mai ikon bincike ya watsa wa waɗanda ba ruwansu. Da malamin nan na Hammadu Kafi ya je ofishin mai makaranta ya ce yana da shakku kan kuɗin jarrabawa, a duba, da wuya malamar ta yi nasara a kansa. Tunda ya zuba a zauren malamai, ya bari ya kai ga iyayen yara, kuma kowa ya san muƙami suke nema tare, ya fita daga inuwar doka da ƙafarsa.

Fara da hujja

Ranar farko ba ranar ramuwa ba ce. Kada ka mayar da martani a zauren, kada ka yi masa barazana, kada ka je gidansa. Kalma ɗaya ta fushi tana iya mayar da kai wanda ake ƙara.

Ɗauki hoton saƙon a waya yadda za a ga lambar wanda ya turo, sunan zauren, rana da lokaci. Yi haka nan take, kafin ya goge. Ajiye saƙon murya. Kada ka sayar da wayar ko ka sauya ta, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da hujjar da ta fito daga waya ko kwamfuta, amma da sharaɗin a yi bayanin na'urar da ta fito daga ciki da yadda aka ciro ta. In da baki aka yi maganar, rubuta ainihin kalmomin a ranar, da wurin, da sunayen waɗanda ke nan. Rubuta su da harshen da aka faɗe su. In da Hausa ne ko Fulatanci ko Tangale, haka lauya zai sa su a takardar ƙara, sannan ya biyo da fassarar Turanci. Ƙarar da ta ce kawai "ya zage ni da sata" ba tare da kalmomin ba tana da rauni.

Sai shaidu. Wanda zai ce maka "wallahi na ji" a majalisa daban, wanda zai tsaya gaban alƙali ya faɗa alhali albashinsa na hannun ofis ɗin daban. Tun da wuri ka san waɗanda za su tsaya. A ƙarshe, tattara abin da ke wanke ka: rasit, takardar banki, littafin shiga da fitar kaya, rajistar zuwa aiki. Malamar da ta ajiye rasit ɗin kowane ɗalibi da takardar zuba kuɗin a banki ta ci rabin shari'arta tun ba a fara ba.

Ƙofar farko tana cikin ofis

Rubuta ƙorafi ga shugabanka ko sashen kula da ma'aikata. Gajere, babu zagi: abin da aka faɗa, wanda ya faɗa, rana, wuri, shaidu, da abin da kake nema. Nemi a bincika, a ba ka sakamako a rubuce, a sa shi ya janye a inda ya faɗa. Riƙe kwafi, a buga maka hatimin karɓa a kai. In kana cikin ƙungiyar ƙwadago, kamar NUT ga malaman gwamnati, sanar da wakilinku. Ma'aikacin gwamnati ya duba ƙa'idojin aikinsu ya ga matakan ƙorafi da ake bi kafin a fita waje.

Sau da yawa sharrin ne ke riga ka isa, sai ka ga takardar tuhuma a kan teburinka. Amsa ta a rubuce cikin wa'adin da aka ba ka, ka haɗa da hujjojinka. Shiru a nan ana ɗaukarsa amsa laifi. In an kafa kwamiti, kana da haƙƙin sanin abin da ake zarginka da shi, da kare kanka, da ƙin yarda wanda ya zarge ka ya zauna cikin masu hukunci. Wannan ƙa'ida daga yankinmu na arewa maso gabas ta samu ɗaya daga cikin manyan hukunce-hukuncenta. Bayan tarzomar ɗalibai a Jami'ar Maiduguri a 1983, an kori wasu ɗalibai bisa rahoton kwamitin da wani babban jami'in da tarzomar ta shafa ya jagoranta. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, saboda ba a yi musu adalcin sauraro ba.

Takardar da ofis ya ba ka cewa an bincika ba a same ka da laifi ba, ta fi komai amfani. Tana shiga fayil ɗinka, tana kare ƙarin girmanka, kuma in ka je kotu ita ce babbar shaidarka. In ofis ya yi burus da ƙorafinka ko ya hukunta ka ba bincike, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da aka kafa a 1975, mai ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan ko kwabo. Tana duba zaluncin hukumomi da kamfanoni, amma a kai mata cikin wata 12.

Sulhu da wasiƙar lauya

Magana zarar bunu ce, ba ta komawa. Abin da ake iya yi shi ne a fito da wata maganar ta bi sawun ta farko, daga bakin da ya yi ta. Shi ya sa sulhun da aka yi daidai yakan fi hukuncin kotu wanke mutum. Hukunci na iya zuwa bayan shekaru, lokacin da mutane sun riga sun yanke nasu. Janyewa kuwa tana iya zuwa cikin mako.

Amma sulhu yana da sharaɗi. Ba za a ɓata ka a gaban mutum 40 ba sannan a ba ka haƙuri a zaure ku uku. Wanda ya rubuta a zauren malamai, a nan zai rubuta cewa abin da ya faɗa ba gaskiya ba ne, ya janye, ya nemi gafara. A rubuta yarjejeniyar, kowa ya sa hannu, shaidu su sa. Mai unguwa, limami, fasto, dattawan ofis ko shugabannin ƙungiya duk suna iya shiga tsakani. Masu shiga tsakani su ji tsoron Allah, kada su tattara nauyin duka su ɗora wa wanda aka zalunta da sunan "a yi haƙuri". Haƙuri na biyo bayan gaskiya.

Manya ma ta nan suke ƙarewa. A Disambar 2024 an kama lauya Dele Farotimi a Legas aka kai shi Ekiti bisa ƙorafin babban lauya Afe Babalola kan wani littafi da Farotimi ya rubuta. A Janairun 2025, bayan Ooni na Ife da wasu sarakunan Yarbawa sun sa baki, Babalola ya amince a janye ƙarar laifin.

In ya ƙi sulhu, sai wasiƙar lauya. Tana faɗin kalmomin da ya yi, tana neman ya janye ya ba da haƙuri cikin kwanaki kaɗan, tana gargaɗin cewa kotu ce ke biye. Kuɗinta kaɗan ne in an kwatanta da shari'a, kuma mutane da yawa a nan jikinsu ke sanyi. In ya yi kunnen ƙashi, wannan taurin kai zai ƙara nauyin diyya a kansa daga baya.

Ƙarar neman diyya

Wannan ƙara ce tsakaninka da shi, kai ne mai ɗaukar lauya, kai ne mai kawo hujja. An saba shigar da ita a Babbar Kotun Jiha. Kana iya neman kuɗin diyya, da umarnin ya janye ya ba da haƙuri, da umarnin hana shi maimaitawa. Wajen ƙiyasta diyya alƙali na duba matsayinka, munin maganar, yawan waɗanda ta isa gare su, da halin da wanda ake ƙara ya nuna bayan haka.

Abu uku ka sani kafin ka shiga. Na ɗaya, batun wace kotu. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, a sashe na 254C, ikon sauraron rikice-rikicen da suka shafi aiki. Daga nan aka yi ta saɓani kan ko ɓata suna a wurin aiki na cikinsu. A 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba ya ciki, a 2018 wani zaman kotun ya ce yana ciki in daga aikin ya taso. Ka sa lauyanka ya tabbatar maka da hukunci mafi sabo kafin ya shigar da takarda, domin ƙarar da aka kai kotun da ba ta da hurumi ana iya korarta bayan an sha wahala.

Na biyu, lokaci. Kowace jiha na da dokar da ta ƙayyade wa'adin shigar da ƙara. In wanda ya yi maka sharrin jami'in gwamnati ne kuma a bakin aikinsa ya rubuta, yana iya fakewa da dokar kare jami'an gwamnati, wadda wa'adinta wata 3 ne kacal. Jinkiri a nan asara ce.

Na uku, tsada da tonon asiri. Shari'a na ɗaukar shekaru, kuma lauyan wancan ɓangare zai tona rayuwarka don ya nuna maganar gaskiya ce ko sunanka dama ba shi da tsabta. Wanda ya san akwai ƙamshin gaskiya a zargin ya yi tunani sau biyu. Janyewa ma tana da farashi. A 2018 Gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya kai ɗan jarida Jaafar Jaafar da jaridarsa ƙara yana neman naira biliyan 3. Da ya janye ƙarar daga kotun Kano a 2021, kotun ta umarce shi ya biya su naira 800,000 na ɗawainiyar shari'a. Sannan ka tambayi kanka: ko an yanke maka miliyoyi, malamin makarantar kuɗi yana da abin biya? Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tuntuɓi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa ko reshen ƙungiyar lauyoyi na Gombe, mata kuma akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Ƙarar laifi

A Arewa ɓata suna laifi ne da ake hukuntawa. Dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960, ta bayyana shi a sashe na 391, sashe na 392 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Sashe na 393 ya yi magana kan ƙaryar da aka ƙirƙira don cutar da mutum. Jihohin da suka sabunta dokarsu, kamar Kaduna a 2017, lambobin sassan sun sauya. Ana iya kai rahoto ga 'yan sanda, ko a shigar da ƙorafi kai tsaye a kotun majistare ko kotun yanki, wadda takan tura wa 'yan sanda su bincika. Laifi ne da doka ta yarda a sasanta, don haka ƙofar sulhu a buɗe take ko bayan an fara zama.

Dokar na aiki. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu wasan barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, kan ɓata sunan gwamna. Rikicin abokan aiki mafi shahara a 'yan shekarun nan ma ya bi ta wannan sashe. A 2025 saɓani ya ɓarke a Majalisar Dattawa tsakanin Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan da Shugaban Majalisar, Godswill Akpabio. An dakatar da ita wata 6 a watan Maris, ɓangarorin biyu suka shigar da ƙararrakin diyya na biliyoyin naira, sannan a watan Yuni aka gurfanar da ita a Babbar Kotun Abuja ƙarƙashin sashe na 391, ta musanta tuhumar. Cikin 'yan watanni rigima ɗaya ta ratsa ladabtarwar cikin gida, ƙarar diyya da ƙarar laifi, kuma kowace ƙofa da aka buɗe ƙara yaɗa maganar ta yi.

Game da abin da aka rubuta a intanet, mutane kan ruga ga sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015. An yi ta amfani da shi wajen kama 'yan jarida har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. A 2024 aka gyara shi, aka taƙaita shi ga saƙon batsa da ƙaryar da aka yaɗa don tayar da hargitsi ko jefa rai cikin haɗari. Gulmar ofis ta yau da kullum ba ta cika shiga nan ba.

Shawarata ita ce a ajiye ƙarar laifi don sharri mai nauyi da aka yi da gangan aka kuma ƙi janyewa. Hujjar da ake nema a nan ta fi tsauri, sai an kawar da duk wani kokwanto. Tarar da aka ci shi ta gwamnati ce. In kuma ya tabbata ka sa an kama shi ba dalili sai ƙeta, yana iya juyowa ya nemi diyya a kanka. Amfani da sanayya a ofishin 'yan sanda don a kwanar da abokin aiki a sel zalunci ne, ko da shi ya fara.

Ƙazafi

Musulunci ya ɗauki mutuncin mutum da nauyi ƙwarai. Aya ta 4 a Suratun Nur ta tanadi bulala 80 ga wanda ya jefi kamammiyar mace da zina bai kawo shaidu 4 ba, tare da daina karɓar shaidarsa. Surar ce kuma ta wanke Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, daga ƙagen da aka yi mata a Madina. Suratul Hujurat ta umarci a bincika labari kafin a yi aiki da shi, ta hana zato da bin diddigi da giba. Jihohi irin su Zamfara da Kano da Sakkwato, da suka kafa dokokin laifuka na Shari'a daga shekarar 2000, sun sa haddin ƙazafi a cikinsu, sauran nau'o'in ɓata suna kuma alƙali na hukunta su da ta'aziri. Waɗannan dokoki Musulmi suke hawa.

Wannan ya shafi wurin aiki kai tsaye, domin makamin da aka fi ɗauka a kan mace ma'aikaciya shi ne zargin lalata. Nas mai aikin dare, sakatariya, malamar da aka ƙara wa girma, duk sun san wannan. A gari irin Gombe, inda Musulmi da Kirista ke aiki a ofis ɗaya, babu addinin da ya yarda da shaidar zur a kan maƙwabci. Wanda ya ji irin wannan magana ya yi shiru, ko ya tura wa wani, ya sa hannu a ciki.

Wace ƙofa za ka bi?

Jera su haka. Tara hujja a ranar farko. Kai ƙorafi a rubuce a ofis cikin makon. Buɗe ƙofar sulhu bisa sharaɗin janyewa a bainar waɗanda suka ji. In ya ƙi, wasiƙar lauya. In ya ƙi, ƙarar diyya, musamman idan sharrin a rubuce yake kuma ya taɓa abincinka. Ƙarar laifi ta zo a ƙarshe. A kowane mataki ka ci gaba da zuwa aiki a kan lokaci, ka tsare bakinka, ka tsare lissafinka, domin masu kallo suna auna zargin da halinka na kullum.

Sai dai wani lokaci sharrin kan yi aikinsa kafin gaskiya ta iso: a dakatar da kai, a tsayar da albashinka, ko a miƙa maka takardar kora. A nan rigimar ta tashi daga kan abokin aiki ta koma kan wanda ya ɗauke ka aiki, kuma dokokinta daban ne. Babi na gaba zai duba kora ba bisa ƙa'ida ba: bambancin ma'aikacin gwamnati da na kamfani, haƙƙoƙin da kake bi, da yadda ake kai ƙara Kotun Ma'aikata. Kafin ka shiga cikinsa, nemo takardar ɗaukarka aiki ka ajiye kusa, domin da ita za mu fara.